Bargon Ƙyallaye

Ni diddigena ne ke gaya mini hunturu ya shigo. Da zarar faso ya fara tsaga ni, leɓɓan yara suka yi fari fat, hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen layinmu, to na san lokacin kwance bakin buhunan ƙyallaye ya yi. Bana buhu bakwai muka tara. Suna nan jibge a bayan ƙofar ɗakin ɗinkina a Kurna, har maigida ya fara cewa in aka ƙara ɗaya shi sai dai ya koma soro da kwana.

Soron nan kuwa a cikinsa abin ya faro. Wata asuba ce cikin watan Janairu, shekara biyar ke nan. Maigida ya yi tafiya, na fito in buɗe wa ɗan garuwa. Ƙofar waje ta soronmu ba ta da sakata, ta ciki kawai muke kullewa. Ina haska tocila sai na ga buhun shinkafa yashe a lungu. Na ɗauka wani ne ya ajiye kaya, na sa ƙafa na ɗan taɓa. Sai buhu ya motsa. Na ja da baya ina salati. Ashe yaro ne, ɗan kolo da bai wuce shekara bakwai ba, ya zura jikinsa cikin buhun har wuya, ya ƙudundune, gwiwa na taɓa haɓa. Na gane shi. Yana cikin yaran tsangayar da ke bayan layinmu, masu zuwa bayan isha'i suna "Iya, ko ɗan ƙanzo." Ya karɓi tuwo da daddare, sanyi ya hana shi komawa.

Na san mutanen Jos za su yi mana dariya in mun ce ana sanyi a Kano. Gaskiya ne, namu da dare bai cika sauka ƙasa da 12 ko 13 a ma'auni ba, sai jefi-jefi. Amma a je a kwanta a daɓen siminti da 'yar rigar ƙwallo mai huji, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, sannan a dawo mu yi lissafin ma'auni. Yaron nan da na ba shi kofin koko, sai da na riƙe masa, don hannunsa ya kasa.

A wancan makon na kai maganar Islamiyyarmu ta matan aure. Aka yi karo-karo, ba a yi ƙyashi ba. Muka shiga kasuwa muka sayo bargo 40 'yan kanti, sababbi dal a leda, ruwan ƙasa masu fure, duk iri ɗaya. Muka aika wa Malam mai tsangayar, aka yi ta sa mana albarka. Na kwanta a ranar ina jin kaina kamar wadda ta gina masallaci.

Ba a yi mako biyu ba na sake tarar da yaron a cikin buhunsa.

Na ce, "Kai, ina bargonka?" Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce wani babba ne ya karɓe, ya ce nasa ne. Na tambayi wasu. Wannan ya ce ya shanya ya tafi bara, ya dawo bai gani ba. Wancan ya yi shiru, abokinsa ne ya tona masa asiri cewa ya sayar ya ci awara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sa maigida ya raka ni har wurin Malam. Dattijo ne mai sanyin magana, ya bar ni na zazzage duk abin da ke cikina, sannan ya ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri. Amma bargo 40 kala ɗaya, in yaro ya zo yana kuka an ɗauke nasa, babba kuma ya rantse nasa ne, da me zan yi shari'a?" Na buɗe baki, na rasa abin cewa. Sai "Allah ya gafarta Malam, haka ne" kawai na iya.

Na dawo gida na ce na wanke hannuna. Goggon maigida, wadda muke zaune tare, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke 'yar nan, ai kura kika ba ajiyar nama. Sabon bargo a leda, wa zai gani bai taya ba? Yaron da bai karya ba kuma ki ce kada ya sayar?"

Goggo a ƙauyen wajen Bichi ta tashi, zamanin da kowace mace ke da mazari da alli a gefen gado. A gurje auduga, a shiɓe ta, a kaɗa abawa, a kai wa masaƙi ya saƙo ta ƙwarya-ƙwarya, a haɗa a ɗinke ya zama gwado, ko luru mai ratsin baƙi. Ta ce a lokacinsu in gwadonka ya ɓata har kasuwar wani gari za ka gane abinka, don ka san hannun da ya kaɗa zaren, ka san inda ratsin ya karkace. Tana faɗin haka sai ta nuna tsibin ƙyallayen da na share daga ƙarƙashin keke, waɗanda kullum nake ba yara su kai wa makanikai su goge hannu. Ta ce, "Ga bargo nan kina zubarwa."

Mu huɗu muka fara: ni, da maƙwabciyata mai sayar da ƙuli-ƙuli, da wata bazawara da ta koyi ɗinki a wurina, da Goggo. Idon Goggo ba ya ganin kafar allura yanzu, amma ita ce mai tantance ƙyalle, kuma hukuncinta ba a ɗaukaka ƙara. Yanzu mun kai 11. Asabar da Lahadi bayan la'asar ake shimfiɗa tabarmi a tsakar gidana, keke biyu, sauran kowa da almakashinta.

Ƙyallayen daga telolin unguwa suke zuwa. Mun roƙe su su daina ƙonawa, su riƙa zuba mana a buhu. Kakarmu ita ce azumi, lokacin ɗinkin Sallah, sai kuma in an yi babban biki an fitar da anko. Shi ya sa in kika shimfiɗa bargonmu kamar kin buɗe littafin tarihin unguwa ne. Ana cikin aiki sai ki ji wata ta ɗaga ƙyalle ta ce, "Lah, ankon bikin 'yar gidan mai nama! Auren ma ya mutu tun bara, ga ƙyallen da ransa." A kwashe da dariya, Goggo ta ce a ji tsoron Allah, alhali ita ta fi kowa son jin ƙarshen labarin.

Ba kowane ƙyalle ke shiga ba, kuma a nan ne na fi son mai sha'awar yin irin wannan aiki ta saurare ni. Leshi ba ya shiga: huji gare shi, yana kartar jiki, ga duwatsu. Yadi mai santsi ba ya shiga. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne atamfa, don ba duk abin da ake kira atamfa yau ne auduga ba. Iyayenmu sun ɗaura atamfar da aka saƙa a nan gida, tun daga masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957 har zuwa namu na Bompai da Sharaɗa. Yawancinsu sun rufe. In kika shiga Kantin Kwari yanzu, akasarin mai sauƙin kuɗin daga Chana take, kuma da yawa an gauraya ta da roba. A ido ba za ki gane ba. Don haka Goggo ke zama da kwalin ashana a gefe. Ta yanki ɗan siriri ta kunna masa wuta. In auduga ce, sai ta ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. In da roba, sai ki ga ya tattare yana narkewa, ya bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri da warin leda. Wannan gefe ake jefa shi, ko da ya fi kowanne kyau. Dalili kuwa, yaran nan a bakin wutar kara suke karatun dare da na asuba, a nan suke jin ɗumi, kuma da bargon a kafaɗa za su zauna. Auduga in tartsatsi ya faɗa mata huji za ta yi, a kakkaɓe. Roba kuwa narkewa za ta yi ta manne a fatar yaro.

Wanda ya tsallake jarrabawar ashana sai wanki, a fitar da sitaci, a ga mai zuba. A shanya, a goge da dutsen guga na gawayi. Sannan yanka. Na yanko kwali mai kusurwa huɗu, inci takwas kowane gefe, shi ake ɗorawa a zana da alli a bi da almakashi. Kowane guda muna ce masa gida. Gida biyar a faɗi, bakwai a tsawo, 35 ke nan, shi ne bargon ɗan kolo. Ƙyallen da bai kai gida ba a haɗa biyu ko uku su cika. Wannan fuskar ke nan. Sai ciki, sai shafi.

A cikin ne na tafka kuskuren da har yau ake yi mini tsiya da shi. Shekarar farko na ce a sa siririn soso, don ya yi taushi ya yi ɗumi. Ya yi ɗumin kuwa. Amma da yaro ya wanke sai ya sha ruwa ya yi nauyin da ba zai iya ɗagawa ba, ya kwana uku bai bushe ba, ya yi wari. Kafin ƙarshen sanyi kuɗin cizo sun yi gari a ciki. Guda tara muka karɓo muka farke. Tun daga nan sai tsofaffin zannuwan gado masu kauri na gwanjo, da muke tsintowa a Ƙofar Wambai, a tafasa ruwa a wanke su tas. Ƙa'idarmu yanzu ita ce bargon da yaro ɗan shekara bakwai zai iya wankewa da kansa da safe, ya shanya a katanga, ya rufa da shi da daddare. Abin da ya wuce haka kaya ne muka ɗora masa.

Kekena Butterfly ne na ƙafa, wanda aka saya mini tun na aure, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Shi ke haɗa gidaje da kalmasa baki, da allura mai lamba 18, don ƙanana karyewa suke in sun hau ninki uku. Amma abin da ke riƙe bargo kada cikinsa ya tattare gefe guda shi ne ɗinkin hannu, layi-layi daga sama har ƙasa da zare mai kauri. Shi ne mai cin rai. Bargo ɗaya yakan ci wa mace biyu yammaci guda cur, ga ciwon baya, ga yatsa duk sukar allura. Mai ƙuli-ƙuli ta fi kowa sauri, amma layinta kamar hanyar maciji. Mun daina yi mata magana, don ba a taɓa dawo da nata ya farke ba.

Abu na ƙarshe shi ne suna. Babban ɗalibin Malam ke rubuto mana a farin ƙyalle da biro, da irin rubutunsu na allo, mu kuma mu bi da baƙin zare mu ɗinke a kusurwa. Da yake in ka ce Muhammadu ko Sani yara biyar za su waiwayo, sai a haɗa da sunan garin kowa. Tun da muka koma haka Malam bai sake rasa abin yin shari'a ba. Babu bargo biyu masu kama da juna, duk tsangayar ta san na wane ne mai jan gida a tsakiya, na wane ne mai ankon makarantar Islamiyya. Kasuwa kuma ba ta so. Wa zai sayi tsummokaran da aka harhaɗa, da sunan wani a jiki?

Yaron buhu dai bai samu ba. Kafin mu gama na farko, wani gardi ya ɗebe su su shida sun tafi wani gari. Ban sake ganinsa ba. Nasa na nan a ƙasan akwatina.

'Yata da ke karatun aikin jinya ita ta jawo mu wani ɓangaren. Ta ce sanyi na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar wa masu sikila ciwo, jijiyoyin jini su tsuke, ƙashi ya ɗau sara kamar ana datsa shi. Kuma a duniya babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawansu, ana ƙiyasin jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Da muka duba, a layinmu kaɗai gida uku ne. Yanzu su ma ana ware musu nasu. Jarirai bakwaini kuwa, 'yar tawa ta hana mu yi musu bargo mai nauyi, ta ce yana iya rufe musu fuska, kuma babu bargon da ya kai ƙirjin uwa: a kwantar da jariri fata da fata a ɗaure da zane, dabarar da likitoci suka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978. Sai dai hula da safa, su matasan cikinmu ke saƙawa da kwarashi.

'Yar tawa ce kuma ta nuna mini a waya cewa ba mu muka fara ba. A Amurka akwai wata ƙungiya, Project Linus, da wata mata mai suna Karen Loucks ta kafa a jihar Kolorado a 1995, bayan ta karanta labarin wata 'yar yarinya mai ciwon daji da ba ta rabuwa da bargonta duk wahalar magani. Mata na ɗinkawa da saƙawa a gidajensu ana kai wa yara a asibitoci da gidajen marayu, sun raba miliyoyi. Sharaɗinsu ya zama aikin hannu ne, sabo, mai wankuwa. Na kalli hotunan na taɓe baki. Na ce mata, "Su ai ɗakunansu da na'urar ɗumama ɗaki, bargon na lallashin zuciya ne. Mu nan sanyi muke kora, ba ruwanmu da wani lallashi." Haka na ce, da bakina.

Ƙanena ma'aikacin gwamnati ne, kuma duk zuwansa sai mun yi. Ya ce, "Yaya, ku ne ke ɗaure wa abin gindi. Uba ya haifi ɗa ya jefo shi birni, ku ciyar, ku rufa masa bargo, to me zai sa ya daina?" Ba na cewa ƙarya yake. Ni ba zan iya tura ɗan shekara bakwai wani gari da ɗan kwano ba, kuma duk mai cewa haka karatun allo yake tun asali bai tambayi tsofaffi ba. Amma mun ga 2020, lokacin korona, da gwamnoni suka yi ta loda yaran nan a motoci ana mayar da su jihohinsu. Kafin a jima sun dawo. A 2023 an sa hannu a dokar kafa hukuma guda ta tarayya domin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Allah ya sa ta yi aiki. Na ce masa ran da aka gyara, ni zan fi kowa murna, bayana ya huta. Kafin nan, yau da daddare za a yi sanyi, kuma yaron yana bayan katangata.

Ranar rabo ba ma kiran kowa, ba a ɗaukar hoto. Ranar Alhamis ce, da ba su da karatu. A ɗaura igiya a tsakar gida a baza barguna, a shigo da su biyar-biyar, ƙarami ya fara zaɓa, sannan a manna sunan da aka riga aka rubuta. Yawancinsu mai ja ko mai shuɗi suke rugawa.

Shekara uku da suka wuce, wani ɗan siriri daga wajen Maigatari ya wuce duk masu kyan ya tsaya gaban wani da ni kaina na san bai yi fasali ba, ragowar ƙyallaye ne muka cike shi da su. Ya tsaya bai taɓa ba. Can sai ya ɗora yatsa a kan wani gida, koriyar atamfa mai zanen ganye ruwan ɗorawa, ya ce a hankali, "Mama, wannan zanen Innarmu ne."

Ni da azarɓaɓi na buɗe baki zan yi masa bayani cewa atamfa ai dubbai ake bugawa, kowa na iya saye. Goggo ta mintsine ni a cinya har sai da na yi ƙara. Ta ce masa, "To ɗauki abinka, ɗan nan." Ya sauke shi daga igiya, bai yafa ba kamar sauran. Ya ninke shi yadda koren gidan zai zo sama, ya rungume a ƙirji ya fita. Daga baya na ji Sallah biyu ke nan bai je gida ba. 'Yata na tsaye a bakin ƙofar kicin, ta kalle ni, na kau da kai.

Makon jiya da yamma aka yi sallama a soro. Shi ne. Ya yi tsawo, murya ta fara buɗewa. Bargon na hammatarsa, ya koɗe, amma wankakke. Inda ya yage ya ɗinke da kansa da zaren buhu, ɗinki manya-manya kamar haƙoran zarto. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida Goggo, sannan ya ce, "Mama, ƙafata ta fito."

Na ce a ba shi sabo cikin na manya. Ya girgiza kai. Ƙari yake so a yi masa. Na auna shi da tef, layi biyu zai ci, gida goma. Da na shimfiɗa bargon a kan keke sai na ga koren gidan ya fi ko'ina cinyewa, ya yi shara-shara har ana hango shafin ciki, ganyen ya kusa ɓacewa. Na ce bari in cire in sa wani. Ya ce a'a, a bar shi haka.

Kwana uku ke nan ina zazzage buhunan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, ko zan dace da irin atamfar in sa a cikin sabon layin. Ban samu ba. Na aika Kwari da ɗan bayaninta, suka ce an daina yayinta tuni. Saura buhu biyu ban buɗe ba, kuma ranar Asabar zai zo karɓa. Kafin nan na ciro na ƙasan akwati na ba shi aro.